Masaru Ibuka: Mai gyaran rediyon da ya kafa kamfanin Sony

Da wuya a sami gidan ma'aikaci ko na ɗan kasuwa a Kano da kayan Sony ba su taɓa shigarsa ba, ko dai rediyo, ko rikoda mai cin kaset, ko akwatin talabijin. Amma kaɗan ne suka san sunan mutumin da ya kafa kamfanin, wato Masaru Ibuka, balle su san cewa sana'ar da ya tayar da shi da ita ita ce wadda matasa ke yi yau a kasuwar waya ta Farm Centre da Titin Beirut: buɗe na'urar da wani ya ƙera, a bi layukanta ɗaya bayan ɗaya har a gano inda wuta ta maƙale.

Idan wannan aiki ya zarce gyara, injiniyoyi na kiransa da sunan da ke nufin ƙira ta baya-baya. Maƙeri na asali da tunani yake farawa, ya zana, sannan ya haɗa na'ura. Mai bin baya kuwa na'urar ce ke fara zuwa hannunsa. Sai ya kwance ta, ya auna kowane sashe da mita, ya bi siraran layukan jan ƙarfe da ke shimfiɗe a kan allon lantarki, wanda masu gyaran waya ke kira fanel, ya zana taswirar da maƙerin bai ba shi ba, har ya isa ga tunanin da ya haifi abin. Ibuka ya bi wannan hanya har ƙarshenta, kuma abin da ya yi bayan ta ƙare shi ne ya bambanta shi da ɗaruruwan masu gyaran rediyo na zamaninsa.

An haife shi a ranar 11 ga Afrilu, 1908, a garin Nikko da ke arewa da birnin Tokyo na ƙasar Japan. Mahaifinsa injiniya ne, amma ya rasu Masaru yana ɗan shekara biyu, don haka a hannun kakansa ya tashi, ya kuma yi karatun sakandare a birnin Kobe. Tun yana yaro hankalinsa ke kan rediyo. Ya kammala Jami'ar Waseda a 1933, kuma wata fitilar talla mai haske mai gudu da ya ƙirƙira yana ɗalibi ta samo masa lambar yabo a baje kolin duniya na birnin Paris. Duk da haka babban kamfanin lantarkin da ake kira Toshiba a yau bai ɗauke shi aiki ba da ya nema. Sai ya shiga wani kamfanin wanke fim da ɗaukar sautinsa, daga bisani a 1940 ya haɗa gwiwa da wasu suka kafa kamfanin ƙera na'urorin awo, wanda Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da shi mai yi wa soja aiki. A wani kwamitin binciken makamai ne ya haɗu da wani matashin hafsan sojan ruwa da ya karanci kimiyyar fiziks, Akio Morita, wanda Ibuka ya girme wa shekara goma sha uku.

Ɗaki ɗaya a cikin kango

Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945. Kafin shekarar ta ƙare Ibuka ya koma Tokyo da wasu tsirarun abokan aikinsa, suka kama ɗaki a hawa na uku na kantin Shirokiya da ke unguwar Nihonbashi, ginin da gobarar yaƙi ta bar shi tamkar kango. Ba su da hajar da za su sayar, sai ilimin da ke kansu.

Abin da ya cece su shi ne ƙishin labarai. A lokacin yaƙi hukuma ta haramta sauraren tashoshin waje, kuma 'yan sandan soja sun bi rediyoyin jama'a suna tsinke sashen da ke kama gajeren zango. Da yaƙi ya ƙare kowa yana son jin abin da duniya ke ciki. Bahaushen da ya taɓa murɗa rediyo da asuba yana laluben London ko Jamus ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan ƙishi. Ibuka da mutanensa suka shiga gyaran rediyoyin da aka lalata, suka kuma ƙera wata 'yar na'ura da ake jonawa da rediyon matsakaicin zango ya koma kama gajeren zango. Wasu masu rediyon kan haɗa musu da shinkafa bayan kuɗin aiki, wadda a lokacin ta fi kuɗin daraja. Jaridar Asahi ta ba da labarin wannan shago a watan Oktoban 1945, Morita ya karanta a garinsu, ya rubuto wa tsohon abokinsa wasiƙa, ba da jimawa ba ya iso Tokyo.

A ranar 7 ga Mayu, 1946, suka kafa kamfanin Tokyo Tsushin Kogyo, wanda ake taƙaitawa Totsuko, da jarin yen 190,000 da ma'aikata kimanin ashirin. Surukin Ibuka, Tamon Maeda, tsohon ministan ilimi, shi aka ba shugabancin farko. Ba duk abin da suka taɓa ya yi albarka ba. Tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da Ibuka ya gwada, wani akushin katako mai ƙarfen alminiyom a gindi, ko dai ta caɓe shinkafar ko ta bar ta da gari, kuma ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Sau da dama mahaifin Morita, magajin wani tsohon gidan kasuwanci na yankin Nagoya, shi ke ba su rance idan albashi ya gagara.

Rikodar da ba ta da zare

Na'urar ɗaukar murya ta farko da Ibuka ya sa wa ido tana naɗar sauti ne a kan siririyar wayar ƙarfe. Da suka sami guda, nan take suka kwance ta suka yi nazarin yadda take ɗauka da yadda take maimaitawa, suka kuma fahimce ta sarai. Sai dai babu masana'antar da ta yarda ta ja musu irin wannan waya saboda ƙanƙantar odarsu.

Ana cikin haka, a 1949, aiki ya kai Ibuka ginin gidan rediyon ƙasa na NHK, inda sojojin mamaya na Amurka ke da ofis. A nan wani jami'i ya nuna masa rikodar Amurka mai amfani da tef. Da jin ingancin sautinta ya watsar da batun waya, ya roƙi jami'in har ya kawo na'urar masana'antarsu domin injiniyoyinsa su gani da idonsu.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne iyakar kwance na'ura ta fito fili. Motar da ke juya faifai, da kan maganaɗisu mai ɗaukar sauti, da sashen ƙara ƙarfin murya, duk abubuwa ne da gwanin injiniya zai kalla ya auna ya ƙera irinsu. Tef ɗin kansa fa? Ido na ganin siririn ƙyalle mai ruwan ƙasa, kuma littafi ya faɗa cewa hodar maganaɗisu ce aka shafa a kan leda. Amma wace hoda, an niƙa ta zuwa wane laushi, da wane danƙo aka liƙa ta, babu sukudireban da zai buɗe wannan. Na'ura tana nuna siffarta ga duk wanda ya kwance ta, ba ta faɗin yadda aka sarrafa abin da aka yi ta da shi.

Japan ba ta da ledar da ta dace a lokacin, ba a kuma ba su damar shigo da ita ba. Suka gwada wata leda mai shara-shara, ta riƙa miƙewa tana karkatar da murya. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: suka koma ga takarda, wani ɗan uwan Morita da ke aiki a kamfanin takarda na Honshu ya taimaka aka sarrafa musu mai santsi da ƙwari. Hodar kuwa, wani matashin injiniya, Nobutoshi Kihara, shi ya riƙa soya wani sinadarin ƙarfe mai launin rawaya a kaskon suya, yana juyawa da cokalin katako, ya sauke shi daidai lokacin da launinsa ya juya, domin idan ya wuce haka ya lalace. Suka kwaɓa hodar da danƙo, suka shimfiɗa dogayen tsirin takarda a daɓen masana'anta, suka riƙa shafawa da hannu da buroshi mai laushin gashin dabba.

A 1950 rikodar farko ta Japan, samfurin G, ta fito. Nauyinta kilo 35, farashinta yen 160,000, kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai shekara yana aiki bai tara ba. Ibuka ya ɗauka ingancin abu kaɗai ya isa ya sayar da shi, kasuwa ta nuna masa ba haka ba ne. Morita ne ya fita neman waɗanda ke da matsalar da na'urar za ta warware, ya same su a kotuna, inda ake fama da ƙarancin masu rubuta shari'a, Kotun Ƙoli ta sayi guda ashirin. Samfurin da ya biyo baya a 1951 ya fi sauƙin ɗauka da kuɗi, makarantu suka yi ta saye domin koyar da Turanci.

Akwai wani ɓangare na labarin da masu ɗaukar Japan ta wancan zamani a matsayin ƙasar kwaikwayo kawai ba su cika ambata ba. Dabarar da ke tace sautin rikodar daga ƙara, wani malamin Jami'ar Tohoku ne, Kenzo Nagai, ya ƙirƙiro ta, kuma Totsuko ta sayi haƙƙin mallakarta da kuɗi tare da kamfanin NEC. Da wani kamfanin Amurkawa mai suna Balcom ya riƙa shigo da rikodoji masu wannan dabara ba tare da biyan haƙƙi ba, Totsuko ta kai shi kotu a 1952, a shekarar da mamayar Amurka ta ƙare, ta kuma yi galaba. Mai koyo daga na'urar wasu ya san inda koyo ya tsaya da inda sata ta fara, shi ya sa ya iya tsayawa gaban alƙali.

Takardar izini ba tare da sirri ba

A 1952 Ibuka ya je Amurka karon farko domin ganin yadda ake amfani da rikoda. A can ya ji cewa kamfanin Western Electric zai ba duk mai so lasisin ƙera tiransisto a kan dala 25,000. Tiransisto wata 'yar ƙwaya ce da masana ɗakin binciken Bell suka ƙirƙiro a 1947, wadda ke yin aikin kwalbar bawul ta cikin tsofaffin rediyoyi, wato ƙara ƙarfin siginar lantarki, ba tare da zafi ko cin wuta mai yawa ba. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne yawan masanan da ya ɗauka saboda aikin tef, waɗanda yake neman abin da zai riƙe basirarsu.

Wannan karon babu batun kwancewa. Ko an fasa tiransisto, ɗan ƙanƙanin dutsen jamaniyom za a tarar, kuma sirrinsa yana cikin tsarkinsa da 'yan ƙwayoyin wasu sinadarai da aka cusa masa da awo. Morita ya sa hannu a yarjejeniya a New York a 1953, amma ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Japan, wadda ke riƙe da izinin fitar da kuɗin waje, ta ja ƙafa na watanni, tana ganin ƙaramin kamfani ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Sai a farkon 1954 ta amince.

Lasisin izini ne kawai, bai haɗa da koyar da yadda ake ƙirar ba. Abin da suka samu shi ne wani littafin fasaha na Bell da damar zagaya masana'antu. Kazuo Iwama, wanda ya jagoranci aikin, ya shafe kimanin wata uku a Amurka yana shiga masana'antar Western Electric inda ba a yarda ya zana komai a wurin ba. Yakan kalla, ya yi tambaya, da dare ya koma masauki ya zana abin da ya riƙe a ka, ya aika Tokyo ta gidan waya. Da waɗannan wasiƙu abokan aikinsa suka ƙera injinan da suka fitar da tiransistonsu na farko kafin ya dawo.

Amurkawan sun ba su shawarar su tsaya ga na'urar taimaka wa masu matsalar ji, domin tiransiston lokacin bai iya ɗaukar saurin siginar rediyo ba. Ibuka ya dage a kan rediyo. Injiniyoyinsa suka sauya tsarin ƙwayar, suka kuma gwada cusa mata sinadarin fosfaras, hanyar da masana Bell suka gwada suka bari, har ta yi aiki. Ko a haka, cikin kowane ɗari da suka ƙera biyar ne kacal ke fitowa da kyau. Ibuka ya ce a fara ƙera rediyo a haka, bisa hujjar cewa abin da ya yiwu sau biyar za a iya gyara shi ya yiwu sau hamsin, kuma duk wanda ya jira sai komai ya daidaita zai tarar an riga shi kasuwa.

An riga su ɗin ma. A ƙarshen 1954 rediyon Regency TR-1 ya fito a Amurka da tiransiston kamfanin Texas Instruments. Nasu na farko da ya shiga kasuwa, TR-55, ya fito a watan Agustan 1955 da tiransisto biyar a kan allon lantarki, ɗauke da sabon tambari, Sony. A shekarar ce kamfanin agogo na Bulova ya nemi rediyo dubu ɗari bisa sharaɗin a buga sunansa a jiki, Morita ya ƙi. Sai TR-63 a watan Maris na 1957, wanda aka tallata a matsayin rediyon aljihu, duk da cewa ya ɗan fi aljihun riga girma, har aka ɗinka wa masu tallarsa riguna masu faffaɗan aljihu. Kafin a kai ga wannan ƙanƙanta sai da suka bi ƙananan masana'antu suna lallashinsu su ƙanƙanta lasifika da sauran sassa, abin da ya tayar da wata sabuwar masana'antar sassa a Japan. Binciken dalilin lalacewar wasu tiransiston fosfaras kuma shi ya kai wani ma'aikacinsu, Leo Esaki, ga ganowar da ta ba shi kyautar Nobel a 1973. A watan Janairun 1958 kamfanin ya koma amsa sunan Sony.

Yadda abin ya iso ƙasar Hausa

A Kano, rediyo ya fara ne a 1944 a matsayin lasifikoki da hukumar mulkin mallaka ta kafa a wuraren taruwar jama'a da akwatunan da ake jawo wa waya, mai saurare ba shi da zaɓin tasha. Rediyo mai bawul, mai tsada da buƙatar lantarki ko babban batir, ya fi zama a gidajen Turawa da manyan ma'aikata irin na Nassarawa GRA. A watan da TR-63 ya fito ne Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Tashoshin sun zo daidai lokacin da kamfanonin Japan, Sony da National da sauransu, suka cika duniya da rediyo mai aiki da batirin tocila, wanda manomi zai rataya a kafaɗa, makiyayi ya tafi da shi daji. Da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, rediyo mai kaset da talabijin na cikin abubuwan da aka fi rububi. Kowace irin na'ura da ta shigo kuma ta haifar da masu gyaranta, waɗanda akasarinsu ba a aji suka koya ba, a kan benci suka koya da mita da ƙarfen narka dalma.

Jikokin waɗannan masu gyara su ne ke zaune yau da madubin ƙara girma suna ɗaga ƙwayar da ta ƙone daga fanel ɗin waya. Ba daidai ba ne a ce hanyar Ibuka a buɗe take gare su kamar yadda ya same ta. Rediyonsa tiransisto biyar gare shi, ƙwaƙwalwar wayar zamani kuwa tana ɗauke da biliyoyi, allonta hawa-hawa ne da ido ba ya ganin na ciki, manhajarta kuma a kulle take. Haka nan Japan ta 1946, duk da rugujewarta, tana da jami'o'i da injiniyoyi da ƙananan masana'antu da yaƙi ya bari. Amma allunan da ke cikin inbata, da na'urar cajin batirin sola, da sitabilaiza, da fitilar caji, har yanzu ana iya bin layukansu a zana taswirarsu, kuma su ne kayan da 'yan kasuwarmu ke cika kwantena da su. Dokar Najeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira shekara ashirin take kare mai ƙirƙira, bayan haka dabarar ta zama ta kowa. Abin da doka da mutunci suka hana shi ne jabu, wato a kwaikwayi kaya a manna masa sunan wani. Abin da aka fi rasawa kuwa shi ne irin haɗuwar Ibuka da Morita, inda mai basira ya sami mai jari da sanin kasuwa da zai jure shekarun gwaji ba tare da ya nemi riba a zagayen farko ba.

Shekarun ƙarshe

Ibuka ya shugabanci kamfanin daga 1950 zuwa 1971, kuma mafi munin kuskurensa a wannan tsakani ya faru ne a kan talabijin mai launi. Ya ƙi bin tsarin kamfanin RCA da kowa ke bi, ya sayi lasisin wani tsarin Amurka mai suna Chromatron, wanda hotonsa ke da haske amma ƙera shi da yawa ya gagara. Kowane akwati da aka sayar a kan yen 198,000 ya ci fiye da ninki biyu na wannan kuɗi wajen ƙira, kamfanin ya doshi durƙushewa. Ibuka ya ɗauki alhakin, ya koma ɗakin bincike ya jagoranci injiniyoyin da kansa. Sun duba abin da sauran kamfanoni suka yi, ciki har da wani ƙaramin talabijin na General Electric, suka fito da nasu tsarin, Trinitron, a 1968, wanda ya samu kyautar Emmy a 1973 ya kuma riƙe Sony shekaru masu yawa.

Ko bayan ya bar kujerar shugaban hukumar gudanarwa a 1976 bai daina kawo buƙatu ba. Son da yake yi ya saurari kiɗa a doguwar tafiyar jirgin sama ne ya sa injiniyoyi suka kwance wata ƙaramar rikodar kamfanin ta 'yan jarida, suka cire sashen ɗaukar murya da lasifika suka sa na sauraro ta kunne. Daga nan Walkman ya fito a 1979. Sauran ƙarfinsa ya ba da shi ga tarbiyyar ƙananan yara, inda ya wallafa littafi a 1971 yana jayayya cewa shekaru ukun farko na yaro su ne mafi muhimmanci ga basirarsa, da kuma samar wa naƙasassu wuraren aiki. A 1992 Japan ta ba shi lambar girmamawarta ta al'adu.

Ya rasu a Tokyo a ranar 19 ga Disamba, 1997, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 89. Morita, wanda shanyewar ɓarin jiki ta riga ta kwantar tun 1993, ya bi shi a watan Oktoban 1999.